Gubar Jan Ƙarfe a Kogin Watarase

A ƙasar Japan, wajen mil 70 arewa da babban birninsu Tokyo, akwai wani ƙaramin gari a tsakanin duwatsu wanda a ke kira Ashio. Daga cikin duwatsun nan ne kogin Watarase ya taso, ya gangaro ya ratsa ƙasar noma ta lardin Tocigi da ta lardin Gunma, sa'an nan ya faɗa cikin wani babban kogi mai suna Tone. Zamanin dā mutanen bakin Watarase ba su da wani abin kuka game da shi. Masunta suna samun kifi, masaƙan alharini na Kiryu da Ashikaga suna rini da wanki da ruwansa, manoma kuwa suna ban ruwan shinkafa. Kai, ko ambaliya ma ba ta zama musiba tsantsa gare su ba, gama in kogin ya cika ya batse yakan ɗebo ruɓaɓɓen ganye daga kurmin duwatsu ya shimfiɗa musu a gonaki, ya hutar da su neman taki.

An ce a shekara ta 1610 aka gano jan ƙarfe a Ashio. Masu mulkin zamanin suka karɓe wurin, aka yi ta haƙa, ana rufin fadodi da ɗakunan ibada da ƙarfen, ana kuma buga kuɗi da shi. Da tafiya ta yi tafiya ramukan suka tsufa, aikin ya kusa mutuwa. Sai a 1877 wani attajiri mai suna Furukawa Icibei ya sayi wurin. Mutane suka ɗauka ya jefa dukiyarsa a rijiya. Ashe rabonsa ne ya rantse, don kuwa a 1881 ma'aikatansa suka tarar da jijiyar ƙarfe mai kyau, ba a daɗe ba kuma suka sake tarar da wadda ta fi ta. A 1884 Ashio ta fid da jan ƙarfe fiye da tan 2,000, watau wajen rubu'in abin da ƙasar duka ta samu. Lokacin nan kuwa Japan tana ɗokin ta kamo ƙasashen Turai, tana bukatar kuɗin waje don sayen injuna da jiragen yaƙi, jan ƙarfe kuwa yana cikin manyan kayan da ta ke sayarwa. Saboda haka a idon Gwamnati mahaƙar Ashio ta wuce dukiyar mutum ɗaya. Furukawa ya kawo injin wutar lantarki mai aiki da ruwa a 1890, ya kawo sabuwar hanyar narka ƙarfe a 1893. In dai abin da zai ƙara yawan ƙarfe ne, ba ya jin ƙyashin kashe masa kuɗi.

To, kafin labari ya yi nisa, ya kamata mai karatu ya san yadda guba ke fitowa daga mahaƙa, don in bai san wannan ba sauran zancen zai shige masa duhu. Jan ƙarfe ba a samunsa zalla a Ashio, a gauraye ya ke cikin dutse tare da baƙin ƙarfe da farar wuta, da kuma ɗan wani mugun sinadari mai suna arsenik. Muddin dutsen nan yana kwance a ƙarƙashin ƙasa, ba ya cutar kowa. Amma da zarar an fasa shi, iska da ruwa suka taɓa shi, sai farar wutar ta juya ta zama ruwa mai tsami, ɗan'uwan ruwan batir ɗin mota. Tsamin nan shi ke narkar da jan ƙarfe ya shige cikin ruwa, har ido ba ya ganinsa. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, to, ga dalilin tsamin na Ashio. Ta ƙofa uku gubar ke shiga kogi. Akwai ruwan da a ke janyewa daga cikin ramuka dare da rana. Akwai lakar da ke saura bayan an niƙa dutse an wanke shi. Akwai kuma tsibin tarkace da kashin ƙarfe da a ke jibgewa a kwazazzabai, ruwan sama yana dukansu. Ban da wannan, hayaƙin gidan narka yana ɗauke da farar wuta, yana ƙone itatuwa, abin da hayaƙi ya bari kuwa gatari ya sare don makamashi da tokaren rami. Da duwatsu suka zama tsirara, ruwan sama ya rasa abin da zai tsai da shi, ambaliya ta ƙara yawa, ta kuma ƙara ƙarfi.

Kifi ne suka fara ba da labari. Wajen 1885 aka riƙa ganinsu suna tasowa matattu, sana'ar su ta fara lalacewa. A watan Agusta na 1890 kogin ya yi babbar ambaliya, ya malale gonaki wajen eka 4,000. Manoma suka zauna jiran albarkar da suka saba gani bayan ruwa ya janye, sai suka ga shinkafa ta tsaya ba ta girma, ta yi ja, ta bushe. Suka ɗebi ƙasar gonakinsu suka kai wa wani masanin aikin gona na babbar makarantar Tokyo, mai suna Kozai Yoshinao. Ya auna, ya gaya musu gaskiya ba ɓoye-ɓoye, jan ƙarfe ne ya kashe ƙasar.

A nan ne Tanaka Shozo ya shigo labarin. An haife shi a 1841, ɗan dagaci ne a lardin Tocigi, shi kansa ma ya riƙe dagacin ƙauyensu tun yana saurayi, ya kuma sha ɗauri saboda jayayya da manya. Da aka kafa Majalisar ƙasa a 1890 mutanensa suka zaɓe shi wakili. A watan Disamba na 1891 ya miƙe cikin Majalisa ya tambayi Gwamnati dalilin da ya sa ba ta tsai da aikin Ashio ba, alhali doka ta ba ta ikon soke izinin duk mahaƙar da ke cutar jama'a. Ministan Noma da Ciniki na lokacin, Mutsu Munemitsu, ɗansa na biyu yana hannun Furukawa, an ba shi shi riƙo ya zama magajin gidan. Amsar da Gwamnati ta bayar ita ce, ba a tabbatar da asalin ɓarnar ba tukuna, kuma kamfani ya sayo injuna daga ƙasashen waje masu tsince garin ƙarfe daga cikin ruwan wanki. Injunan nan an kafa su, amma amfaninsu ga kamfani ne, don suna mayar masa da ƙarfen da dā ke zubewa. Abin da ya riga ya narke cikin ruwa kuwa ba su da iko da shi ko kaɗan. Da sunan jiran a ga aikin injunan, sai manyan lardi suka shiga tsakani, aka ba manoma 'yan kuɗi kaɗan, suka sa hannu a takarda cewa ba za su yi ƙara ba sai bayan tsakiyar 1896. Daga baya ma aka bi waɗansu da wata takardar ta cewa sun yafe har abada.

Kogi dai bai sa hannu a takardar kowa ba. A watan Satumba na 1896 ya yi ambaliyar da ta fi ta fari nesa, gubar ta bazu cikin larduna biyar har ta taɓa gefen Tokyo. Tanaka ya buɗe ofis a wani ɗakin ibada mai suna Unryuji, ya haɗa kan ƙauyuka, maganarsu guda, a rufe mahaƙa. A watan Maris na 1897 dubban manoma suka ɗaura takalman ciyawa suka nufi Tokyo a ƙasa. Jaridu suka ɗauki zancen. Ministan Noma da Ciniki na wannan lokaci, Enomoto Takeaki, ya tafi da kansa ya duba gonakin. Gani ya kori ji, ya komo ba da daɗewa ba ya ajiye aiki. Gwamnati ta naɗa kwamitin bincike, ran 27 ga Mayu 1897 kuwa aka miƙa wa Furukawa takardar umurni mai sharaɗi 37. Aka yanka wa kowane aiki wa'adinsa, mafi tsawo kwana 180, aka ce in ya saɓa ko ɗaya za a rufe mahaƙar.

Aikin da aka yi cikin watannin nan shida abin a tsaya a duba ne, gama shi ne karo na fari da aka tilasta wa wani babban kamfani a Japan ya gina irin wannan. Aka janye ma'aikata daga ramuka, aka ɗebo leburori daga nesa, mutanen garin Ashio su ma suka fito gayya, don sun san in mahaƙa ta mutu garinsu ya mutu. In aka haɗa yinin aikin kowa da kowa, ya kai wajen 580,000. Kuɗin da aka kashe ya ɗara yen miliyan 1, sai da Furukawa ya ci bashin banki. Aka gina matatun ruwa uku, ɗaya a Mato, ɗaya a Nakasai, ɗaya a Kotaki, kowace tana karɓar ruwan babbar ƙofar ramin da ke kusa da ita.

Dabarar kuwa ba mai wuyar ganewa ba ce. Duk matar da ta taɓa ɗebo ruwan gulbi da damina, ta zuba a randa ta bar shi ya kwanta, ta san rabinta. Sauran rabin shi ne farar ƙasa, irin wadda a ke samu in an toya dutsenta. Akan dama ta da ruwa ta yi kamar nono, a riƙa tsiyaya ta cikin lambatun da ke kawo ruwan rami. Farar ƙasa abokiyar gābar tsami ce, tana haɗuwa da shi sai ta kashe shi. Da tsami ya mutu, jan ƙarfe ba shi da sauran abin da zai riƙe shi a narke, sai ya fito fili ya zama gari-gari yana yawo cikin ruwa. Daga nan ruwan ya shiga manyan tafkuna na gini, masu faɗi, inda gudunsa zai ragu ƙwarai, garin nan ya sami sukunin nutsewa ƙasa. Ruwan sama-sama sai ya tsallaka zuwa waɗansu tafkunan da aka shimfiɗa wa tsakuwa da rairayi, ya tsatsafa ta cikinsu, ya bar sauran gurɓatarsa a nan, kana a sake shi cikin kogi. Tafkunan da yawa a ke yi, don in ana kwashe lakar wannan, wancan yana aiki. Abin da ya fi wuya shi ne awo. In farar ƙasa ta yi kaɗan, guba ta wuce. In ruwa ya zo da yawa, kamar lokacin da aka yi mamako, ba ya samun zaman da zai kwanta, sai ya bi ta kai ya fita yadda ya shigo. Har wa yau wannan ita ce hanyar da yawancin mahaƙu da masana'antun ƙarfe na duniya ke bi, illa dai an sami injunan awo da magungunan da ke sa laka saurin kwanciya.

Amma fa akwai abin da tafki ba ya yi. Ba ya hallaka guba, sai dai ya fid da ita daga ruwa ya mai da ita laka. Lakar nan tilas a kwashe ta a kai wani wuri, a Ashio kuwa ba wani wuri sai kwazazzabai na kan duwatsu, bisa kan kogin nan dai da a ke son tsarewa. Aka yi musu katanga aka riƙa jibga laka da tarkace a bayanta shekara da shekaru. Watau gubar da dā ke sauka kullum kaɗan kaɗan, yanzu an tara ta wuri guda tana jiran ranar da katanga za ta gaji. Wajen hayaƙi kuwa aikin bai yi ko kusa ba. An gina wata babbar hasumiya inda hayaƙin zai ratsa ta cikin ruwan farar ƙasa, amma ilmin zamanin bai kai ba, yawancin farar wutar ta riƙa ficewa abinta. Ƙauyen Matsuki, wanda ke bayan gidan narka, itatuwan da su ke kiwon tsutsar alharini da ganyensu suka ƙone, gonaki suka mutu, zuwa 1902 mutanensa sun watse. Wani abin kuma da ya sa manoma suka ƙi sakin jiki shi ne, babban ma'aikacin Gwamnati da ya sa hannu a takardar umurnin, Minami Teizo, bai daɗe ba ya bar aikin Gwamnati ya zama manajan mahaƙar Ashio.

Tsoronsu bai jima ba ya tabbata. A watan Satumba na 1898 aka yi ruwa mai yawa, ɗaya daga tafkunan ya fashe, guba ta sake malala. Manoma suka koma tafiyarsu ta Tokyo. Ran 13 ga Fabrairu 1900, suna shirin ƙetare kogin Tone a wani wuri mai suna Kawamata, 'yan sanda suka tare su da duka, aka kama shugabanninsu, aka gurfanar da mutum 51 bisa laifin tada tarzoma. Shari'ar nan ta yi abin dariya har biyu. Ana cikin sauraron lauyan Gwamnati, Tanaka ya yi wata doguwar hamma, aka ce ya wulakanta ma'aikacin hukuma, ya yi kwana wajen 40 a kurkuku saboda ita. Ƙarshenta kuma, a watan Disamba na 1902, kotu ta kori shari'ar duka, don an gano takardar ƙarar ba lauyan Gwamnati ne ya sa mata hannu da kansa ba, wani ne ya rubuta masa. Duk wanda ya taɓa zaman ofis ya san irin wannan ganganci, ya kuma san ba kullum ne ya ke ƙarewa da alheri ga talaka haka ba.

Kafin wannan Tanaka ya riga ya fid da rai daga Majalisa. Ya ajiye kujerarsa a watan Oktoba na 1901. Ran 10 ga Disamba, Sarkin Japan, Meiji, yana komowa daga buɗe Majalisa cikin keken doki, sai ga tsoho ya fito daga cikin taro a guje, da takardar kuka a hannu. A al'adarsu ta dā wanda ya yi haka ya sai da ransa ke nan. Dogarai suka tare shi kafin ya isa. Gwamnati ta rasa yadda za ta yi da shi, sai ta ce taɓin hankali ne, ta sake shi a daren. Takardar ba ta kai hannun Sarki ba, amma ta kai kunnen ƙasa duka, har ɗaliban Tokyo suka riƙa zuwa ayari ayari suna duba gonakin da suka mutu.

Gwamnati ta sake naɗa kwamiti a 1902, a nan ne kuwa aka juya zancen. Kwamitin ya ce aikin 1897 ya rage gubar da ke fitowa daga mahaƙa, abin da ya saura tsohuwar laka ce da ke kwance a gindin kogi, ambaliya ce ke tashinta. Saboda haka magani shi ne a hana ambaliya, a sami wani faffaɗan wuri kusa da mahaɗar Watarase da Tone inda ruwa zai riƙa taruwa ya kwanta. A wajen injiniya maganar tana da kan gado, tafkin kwantar da laka ne irin na Nakasai, sai dai ya fi shi girma sau dubbai. Amma da wannan shawara sunan Furukawa ya fita daga cikin maganar, aka daina tambayar wanda ya zuba guba, aka koma tambayar wanda za a zuba wa. Aka fara nufar ƙauyuka biyu na lardin Saitama, mutanensu suka ce in aka taɓa su ba su biyan haraji, ba su kuma ba da 'ya'yansu soja, aka ƙyale su. Ƙuri'a ta faɗa kan Yanaka, ƙauye mai gida wajen 400 da ƙasa mai albarka. Majalisar lardin Tocigi ta amince da kuɗin sayensa a wani zama na asiri a watan Disamba na 1904. Aka bar ganuwar da ke tsare ƙauyen daga ruwa a karye, ba gyara, don zama ya gagara. Tanaka, yana da shekara 62, ya kwashe ya koma Yanaka da zama. A 1906 aka soke sunan ƙauyen daga littafin hukuma. A ƙarshen Yuni da farkon Yuli na 1907 aka zo da 'yan sanda aka rushe gidaje 16 na waɗanda suka ƙi tashi. Ministan Harkokin Cikin Gida na lokacin, Hara Takashi, kafin ya hau wannan muƙami shi ne mataimakin shugaban kamfanin Furukawa. Masu gidajen suka kafa bukkoki a kan kufansu, suka zauna cikin ruwa da sanyi har 1917. Waɗansu daga mutanen yankin kuwa can tsibirin Hokkaido mai ƙanƙara aka kai su. Tanaka ya rasu ran 4 ga Satumba 1913 a gidan wani manomi, yana kan yawon duba koguna. Dukiyarsa ta riga ta ƙare a wannan hidima, abin da aka samu a 'yar jakarsa bai wuce littattafan da ya ke rubutu ciki ba, da Linjila, da tsarin mulkin ƙasa, da 'yan tsakuwoyi.

Bayan wannan zancen ya kwanta shekaru da yawa, gubar kuwa ba ta kwanta ba. Manoman da ke sama da Yanaka, waɗanda ke jan ruwan ban shinkafa kai tsaye daga kogi, sai suka koyi aikin injiniya da kansu. Kowa ya haƙa ɗan rami a bakin gonarsa inda ruwa ke shigowa, don laka ta kwanta a nan, in ya cika ya kwashe ya tara a gefe, ya kuma riƙa zuba farar ƙasa a gona. Hayaƙi dai sai a 1956 aka shawo kansa, da aka kawo wata hanyar narka daga ƙasar Finlan wadda ke kama farar wutar a mai da ita ruwan batir na sayarwa. Ran 30 ga Mayu 1958, ana shirin dashen shinkafa, katangar wani tsohon majibgin laka mai suna Gengorozawa ta ɓalle, ba ruwan sama ba girgizar ƙasa. Laka ta bi kogi ta shiga gonaki wajen eka 15,000. Mutanen ƙauyen Morita na lardin Gunma suka ɗauki maganar daga inda kakanninsu suka ajiye. A 1968 Gwamnati ta yanka iyakar jan ƙarfen da za a yarda da shi cikin ruwan Watarase, kashi 6 cikin miliyan 100. A 1971 aka sami wani ƙarfe mai guba, kadmiyam, cikin shinkafar Morita. Manoma 971 suka kai ƙara gaban hukumar sasanta irin wannan rikici, a watan Mayu na 1974 kamfanin ya yarda ɓarnar daga gare shi ta ke, ya biya yen miliyan 1,550. Wannan ne karo na fari da ya biya da sunan diyya, shekara 84 bayan ambaliyar 1890.

An rufe mahaƙar a watan Fabrairu na 1973, gidan narka ya ci gaba da dutsen da a ke sayowa daga waje har 1989. Filin da Yanaka ta ke dā ya zama fadamar kyauro mai faɗin eka 8,000, matattarar tsuntsaye, a 2012 ma aka sa ta cikin jerin fadamun da duniya ta yi alkawarin tsarewa. Duwatsun Matsuki kuwa ana ta dasa musu itatuwa, waɗansu sun yi kore, waɗansu har yanzu dutse ne tsirara. Amma ramukan da aka haƙa, waɗanda tsawonsu duka ya haura mil 750, ruwan sama bai daina shiga cikinsu ba, bai kuma daina fitowa da tsami ba. Saboda haka matatar Nakasai da aka gina a 1897 tana nan tana aiki, ana zuba farar ƙasa, ana tura lakar zuwa wani babban majibgi mai suna Sunokobashi da ke bisa kan garin Ashio. Ran 11 ga Maris 2011, da babbar girgizar ƙasa ta auku a Japan, Gengorozawa ta sake zaftarewa cikin Watarase, da aka auna ruwan a ƙasa da wurin aka tarar darma ta wuce iyakar da doka ta yanka.